Yadda Ake Kai Darussan Lissafi Na Bincike Mujallar Masana

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa malaman lissafi a Zangon Kumasi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa.

Da yawanku kuna da darussan da kuka tsara da kanku, inda ba a ba yaro ƙa'ida ya haddace, sai a jera masa tambayoyi har ya gano ta da kansa. Maganarmu ta yau ita ce yadda irin wannan aiki zai fita daga jakar malami ya shiga mujallar da masana ke tantancewa kafin a buga.

A jami'o'in Amurka ana danganta wannan salo da R. L. Moore, wanda ya koyar a Jami'ar Texas da ke Austin daga 1920 zuwa 1969. Yakan ba ɗalibai ma'anoni da jerin ƙa'idoji, ya hana su duba littafi, kowa ya fito allo ya kawo hujjarsa. An kuma san shi da ƙin karɓar baƙar fata a ajinsa, don haka salon muka ɗauka, ba halin ba. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi a jami'a, suka ga masu faɗuwa sun kai kusan kashi 34 cikin 100 inda malami ke ta bayani shi kaɗai, amma kusan kashi 22 ne inda ɗalibai ke aiki da kansu. Nan gida ma, manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Ghana, ta fitar a 2019 wannan hanyar ta nufa.

Wace mujalla? Idan darussan jami'a ne na kwas guda cikakke, akwai Journal of Inquiry-Based Learning in Mathematics, wadda ke buga jerin darussan da aka riga aka gwada a aji, kowa ya sauke kyauta. Idan maƙala ce kan yadda aka koyar, akwai PRIMUS, ita ma ta matakin jami'a. Malaman JHS da SHS, wato ƙaramar sakandare da babba, su duba Mathematics Connection ta Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Ghana, ko Learning and Teaching Mathematics ta AMESA, ƙungiyar malaman lissafi a Afirka ta Kudu. Kafin ka rubuta komai, karanta abu biyu ko uku da mujallar ta buga, da sharuɗɗanta. Edita kan mayar da aiki tun kafin ya kai hannun masu bita, wato masanan da ke tantance aikin, idan ba layin mujallarsa ba ne.

To, ga inda nake so mu daɗe. Mai bita ba ya neman sabon lissafi a wurinka. Jerin tambayoyinka yake aunawa: shin yaron da ya warware ta uku yana da abin da zai kai shi ta huɗu ba tare da malami ya tsoma baki ba? Zai zauna da biro ya warware su ɗaya bayan ɗaya, yana amfani da abin da ka bayar a baya kaɗai. Duk inda ya ga dole sai ya jawo wani ilimi daga waje, nan zai ja maka layi.

Mu ɗauki misali. Ka ba kowane rukuni na yara huɗu murafun kwalba 36. Tambaya ta farko: aje murfi ɗaya, ƙara uku a gefensa ya zama murabba'i mai biyu-biyu, ƙara biyar ya zama mai uku-uku, nawa za a ƙara gaba? Ta biyu: rubuta jimillar kowane mataki, 1, 4, 9, 16, 25, 36. Ta uku: ba tare da murafu ba, nawa ne jimillar lambobin mara goma na farko? Su ce 100. Ta huɗu: me ya sa kullum lambar mara ake ƙarawa? Nan za su ga layi ɗaya a dama, ɗaya a ƙasa, da murfi ɗaya a kusurwa. Sai ta biyar ta nemi ƙa'idar jimillar lambobin mara n na farko da hujjarta, ga kowace lamba n.

Idan ka tsallake ta huɗu, rata ta yi faɗi, aji ya yi tsit, ƙarshe kai ne za ka hau allo. Idan kuma ka rubuta "nuna cewa jimillar ita ce n²" tun a tambaya ta biyu, ka ba da amsar, babu sauran abin bincike. Waɗannan kurakurai biyu su suka fi yawa, kuma maganin ɗaya shi ke haifar da ɗayan in ba a yi hattara ba.

Sannan a rubuta wa malamin da zai ɗauki darasin bayani na daban. Mutane na raina wannan sashe, alhali shi ke nuna an shiga aji da gaske. A ciki ka faɗi matakin ɗalibai, abin da suka sani kafin su zo, yawansu, tsawon kowane zama, da yadda ka ba da maki. Ka faɗi inda suke tuntuɓe. A misalinmu, da yawa za su ce lambar mara ta n ita ce 2n + 1, alhali 2n − 1 ce idan an faro daga ɗaya. Wasu za su gwada lambobi biyar su ce hujja ta kammala. Ga irin waɗannan ka ajiye misalin masanin lissafi Euler: n² + n + 41 tana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta tun daga n = 0 har 39, a 40 sai ta ba da 1681, wato 41 sau 41.

Kada ka aika bayan gwaji ɗaya. Koyar da shi, gyara, sake koyarwa da wani aji, in da hali ka ba wani malami ya gwada ba ka wurin.

Wata malama ta tambaya: "Malam, ajina ya haura yara saba'in, ga jarrabawar WAEC a gaba. Za su karɓi irin wannan?"

Malama, kada ki ɓoye yawan. Rubuta yadda kika raba su rukuni-rukuni, wa ke fitowa allo, minti nawa kika ware, wane ɓangare na manhaja darasin ya rufe. Malamin da ke da aji irin naki ya fi buƙatar wannan bayani fiye da labarin aji mai mutum ashirin.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da aiki. Tambayar da ka ɗauko daga littafin wani, ka ambaci mai ita. Idan za ka sa hoton aikin yaro, ka nemi izinin makaranta da na iyaye, ka goge suna. In kana jami'a kuma ka tattara makin ɗalibai don bincike, kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu tun kafin ka fara. Yawancin mujallun lissafi sun fi son rubutu da LaTeX, tsarin buga rubutun lissafi a kwamfuta. Ba a aika aiki ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Mujallar da ta turo maka imel tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya dala kaza, ka bar ta. Bita ta gaskiya takan ɗauki watanni.

Idan amsa ta dawo da gyare-gyare, wannan ba ƙi ba ne. Ka kwafe kowace magana ta mai bita, ka rubuta a ƙarƙashinta abin da ka canja da shafin da yake. Inda ba ka yarda ba, ka faɗa cikin ladabi, ka kafa hujja da abin da ɗalibai suka yi a aji. In ya ce tambaya ta huɗu ta yi sauƙi a cire ta, ka nuna masa rukuni nawa suka tsaya cik lokacin da aka gwada babu ita.