Mota na neman mutuwa a silo? Kama ta dumu-dumu kafin ka sayi komai

[Allurar inji, an matso kusa]

Ku zuba wa allurar nan ido. Ita ke nuna juyin inji a minti ɗaya. Tana kan 700 a silo, wato mota na tsaye ba a taka totur ba, inji na kaɗawa lafiya lau. Ku jira. Yauwa, ga ta nan ta faɗo wajen 400, sitiyari na karkarwa, kamar motar za ta mutu, sai kuma ta farfaɗo da kanta. Corolla ce ƙirar 2004. Mai ita ya ce a cunkoson shataletalen Wunti take yi masa haka, amma in ya miƙe hanyar Jos ko tari ba ta yi.

Kwanan nan tambayar da ta cika mana waya ke nan, kuma kowa da amsarsa a baki. Wannan ya ce famfon mai ne, wancan ya ce fulogi, wani ya ce a murɗa sukurun totur a ƙara mata silo kawai. Alhajin da ya kawo wannan ya riga ya canja fulogi huɗu, kwail ɗaya da famfon mai. Ga tsoffin nan a but, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Wallahi abin ya dame ni, domin kuɗi ne aka zubar a wannan tsadar rayuwa.

To ga matakin da ake tsallakewa. Ciwon da ke zuwa ya tafi, ba a gano shi a lokacin da ya tafi. Kafin sifana ta taɓa motar, sai an sa ta yi laifin a gabanka, kuma ka san abin da ya tsokano shi.

[An cire tiyon iska, ana nuna maƙogwaron inji]

Bari ku ga dalili. Idan ka ɗauke ƙafa daga totur, faifan nan yana rufewa kusan ruf. Iskar da injin zai rayu da ita ta wata 'yar ƙaramar hanya take bi, kuma wannan bawul ɗin silo shi ke buɗe ta ko ya matse ta bisa umarnin kwamfutar motar. A sababbin motoci marasa wayar totur, faifan ne da kansa yake ɗan buɗewa. Ke nan a silo injin da ɗan siririn numfashi yake rayuwa. Ko ɗan nauyi aka ɗora masa, dole kwamfuta ta ƙara masa iska nan take. In hanyar ta toshe da baƙin datti, ƙurar hunturunmu ta haɗu da tururin baƙin mai, sai taimakon ya makara. Makarar nan ita ce faɗuwar da kuka gani.

Saboda haka ni da tambaya nake farawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Alhaji, da safe take yi ko sai ta ɗau zafi? Da AC ko babu? Lokacin da ka taka birki? Kana juya sitiyari za ka yi fakin? Ko kuwa bayan ka cika tanki a gidan mai? Kowace amsa wata ƙofa take nunawa. Mai yi bayan an cika tanki, a duba bawul ɗin da ke kai tururin fetur cikin inji, wataƙila ya maƙale a buɗe. Mai yi bayan doguwar tafiya, an dawo daga Gombe an tsaya a shingen farko ta fara shaƙewa, a tuna da bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin inji, in motar na da shi. Mai yi in an taka birki, a saurari baƙin tulun nan da ke bayan mastan birki, ko yana huci.

[An ja birkin hannu, an sa dutse a taya]

Yanzu mu tsokane ta. A bar inji ya ɗau zafi sosai. Nauyi ɗaya-ɗaya ake ɗorawa, ba a haɗa su, in ba haka ba ba za ka san wanda ya jawo ba. Fitila babba. Allura ba ta motsa ba. Sitiyari har ƙarshe. Ta ɗan girgiza, ta tsaya. Giya a D, ƙafa a kan birki. Ta sauka kaɗan, wannan daidai ne. Yanzu AC.

Kun ji ƙarar kwamfireso ya kama? Kun ga allura? Mu kashe. Mu sake kunnawa. Ta sake faɗuwa. Sau uku muka yi, sau uku ta amsa. Yanzu ciwon ya daina zama na lokaci-lokaci, ya zama wanda muke kira ya zo. Kuma in mun gama gyara, da wannan gwajin za mu tabbatar, ba da "ka je ka gwada ta kwana biyu" ba.

Ku lura, har fankar lagireto kan yi wannan aikin. Wasu motocin ba a taɓa komai ba sai ka ga sun faɗi, ashe fanka ce ta tashi da kanta. A irin wannan a sa mita a kan batir: inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In wuta ta zube sosai duk sanda fanka ta tashi, a kai wa mai rewaya ya duba altaneta, kan batir da wayar as, mai haɗa batir da jikin mota. Kuma don Allah a janye hannu daga wajen fanka, ba ta sallama kafin ta tashi.

[Fuskar na'urar bincike]

Sai kwamfuta. Nan ma akwai gyara. Mutane na zuwa a sa na'ura, a ce ba ta nuna komai ba, ko a ga lamba a goge, a karɓi kuɗi. Gogewar nan tana share bayanin da motar ta ajiye na daidai lokacin da abin ya faru. A rubuta kafin a goge. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa. P0506, silo ya yi ƙasa da yadda ake so. P0301 zuwa P0304 na nuna silindar da ke tsallake wuta. Amma lamba unguwa take nuna maka, ba gidan ba.

Abin da na fi so ku koya shi ne layukan nan biyu, STFT da LTFT, wato gyaran mai na nan take da na dogon lokaci. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai. In iska ta shigo ta ɓarauniyar hanya, na'urar auna iska ba ta ƙirga ta ba, sai kwamfuta ta riƙa ƙara mai don ta cike giɓi, kuma waɗannan layukan ke faɗa maka nawa ta ƙara. Kusa da sifili, lafiya. In jimlarsu ta haura kashi 10 cikin ɗari, akwai magana.

A nan a silo muna ganin 18. Yaro, taka min zuwa 2500, ka riƙe. Ku duba, ta sauko 4. Ka zuba ludayin ruwa a kofin kunu, zai tsinke. Ka zuba shi a tukunyar kunun suna, ba wanda zai ji. Haka yoyon iska yake: a silo yana da girma, a gudu ya ɓace. Da famfon mai ne ya gaji, akasin haka za mu fi gani, lamba ta ƙaru in an taka, mota ta kasa jan hawa ko ta riƙa kakarewa wajen wuce tirela. Wannan kuwa mai ita ya ce a hanya kamar doki take.

[Ana lanƙwasa tiyo, tsaga ta bayyana]

Ga shi nan. Ta sama ba ka ganin komai, sai an lanƙwasa. Zafi ya busar da robar, in inji ya jijjiga tsagar ta buɗe, in ya lafa ta rufe. A irin wannan injin na 1ZZ, gasket ɗin da ke tsakanin manifol da kan inji ma yakan yi yoyo, musamman da sanyin safiya, don haka mun duba shi. Masu fesa ruwan wanke kafireto don neman yoyo, yana kama yoyon, amma wuta ce a hannunku. Nesa da salansa mai zafi, kuma abin kashe gobara na kusa.

Sauran a gurguje. Mun wanke maƙogwaro da bawul ɗin silo. Matatar iska, ku ga ƙurar, an canja. Na'urar auna iska da ruwanta na musamman ake wankewa, ba a taɓa siririyar wayar cikinta. Mai totur na lantarki, kar a tura faifan da yatsa makulli na kunne, kuma bayan wanki sai an bar kwamfuta ta sake koyon silo. Sukurun nan kuwa ban yarda a murɗa shi ba, daga kamfani aka saita shi. Haka cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da ake yi a garejinmu: inji ba zai kai zafinsa ba, kwamfuta za ta yi ta zuba mai, silo ya rikice.

[Allura, an mayar da komai]

Sabon tiyo ya hau. Inji ya yi zafi. LTFT ta fara gangarowa, STFT na wasa kusa da sifili. Giya a D, fitila a kunne. Yaro, kunna AC. Kashe. Sake kunnawa. Allura na nan a kan 750, ko gezau. Alhaji, bismillah, zo ka zauna ka kunna da hannunka.