Sharhi: A auna ragowar magani kafin a tsinka

Jama'a masu sauraro barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan kayan lambun da ake nomawa cikin rumfar leda ko ta gilas ne, da ragowar maganin ƙwarin da ke maƙalewa a jikinsu.

Da yawa gani suke tunda an rufe shuka ruf ai ba ruwanta da feshi, toh ba haka abin yake ba. Ɗumi da laimar da ke sa tumatir da kokwamba su yi kyau su ne dai ƙwari da fumfuna ke so, dole wata rana a ɗauko injin feshi. A fili ruwan sama na wanke wani abu, rana ta karya wani, iska ta kwashe wani, amma a rumfa ina ruwan saman yake, ledar ma ta tare wani sashe na hasken da ke karya sinadarin, sai magani ya yi zamansa fiye da yadda aka zata. Ga shi tumatir ba sau ɗaya ake tsinkarsa ba, yau an ɗiba bayan 'yan kwanaki an dawo, kwanakin jiran nan da aka rubuta jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka su ne abin da ake fara tsallakewa in mai saye ya matsa.

Shi awon ba wani sihiri ba ne. Za a tsinko samfur daga sassa daban-daban na rumfar, ba wai layin bakin ƙofa kawai ba, irin su tumatir aƙalla kilo 1 kuma kada su gaza guda 10. A ɗakin gwaji a markaɗe, a zuba sinadarin da ke tsotso maganin, a kaɗa da gishiri na musamman, hanyar da ake kira QuEChERS kenan wadda aka fitar a 2003, sannan na'ura ta tantance ɗaruruwan magunguna a zubi ɗaya. Akwai 'yan takardun gwajin gaggawa kam, suna da sauƙi, sai dai rukuni biyu kacal na magungunan ƙwari suke kamawa, in suka ce lafiya lau kar ka saki jiki.

Sakamakon kuma da iyakar da doka ta sa ake gwada shi. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci, wadda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da hukumar lafiya ta duniya (WHO) suka kafa a 1963, na fitar da irin waɗannan iyakoki, Tarayyar Turai kuwa duk maganin da ba a ware masa iyaka ba miligiram 0.01 a kilo take yarda da shi, kusan babu kenan. Ƙetare iyaka ba lallai yana nufin wanda ya ci zai kwanta ba, amma shaida ce an saɓa ƙa'idar feshi.

Me ya sa nake nacewa sai kafin tsinka? Don in kayan lambun yana jikin uwarsa kana iya ƙara masa kwanaki ka sake aunawa, in ya shiga kwali kuwa magana ta ƙare, kuma irin maganin da ke ratsa cikin shuka wanki ba ya fidda shi. Manoman Almeriya a Sifen sun ɗanɗana, a ƙarshen 2006 sai da tattasansu ya isa Jamus sannan aka gano haramtaccen magani a jikinsa, kasuwa ta juya musu baya, daga nan ne da yawansu suka koma sakin ƙwari masu cin ƙwari a cikin rumfunansu.