Tashar jirgin ƙasa a kan katako: yadda ake gina ta da yadda ake ɗaukar hotonta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Kafin in ce komai, ku ɗan ƙura wa wannan hoton ido. Ga kan jirgi ya tsaya a tasha, ga tarago huɗu a bayansa, ga kuka can gefe, hazo ya lulluɓe gari. Wanda ya taɓa bin tsohon layin dogo daga Kano zuwa Nguru zai ce ya san wurin. To bari in sa hannuna a ciki. Kun gani? Kan jirgin bai fi tsawon tafin hannuna ba. Tashar dukanta tana kan katako mai tsawon santimita 180 da faɗin santimita 40, a jikin bangon ɗakina.

Wannan sha'awa ta gina ƙaramin layin dogo a gida ta daɗe a Turai da Amurka da Japan. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fito da dogayen wasa masu daidaitaccen faɗi tun 1891. A birnin Hamburg akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Mu dai namu na ɗaki ne, kuma abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, kyamara ce alƙalin wannan aiki. Abin da ido ya yafe, ita ba ta yafewa.

Mu fara da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato an rage komai sau 87. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai koma kusan santimita 2. Ku riƙe wannan santimita biyun, za mu dawo kanta. Akwai N, wanda aka rage sau 160, ya dace da mai ƙaramin ɗaki. Mutanen Ingila sun fi son OO, sau 76. Akwai kuma Z, sau 220, da Märklin ya fito da shi a 1972, wanda kan jirginsa bai kai ɗan yatsa ba.

A nan ne mai son kwaikwayon dogon Najeriya zai gamu da matsala. Dogon HO da ake sayarwa, tazarar ƙarafansa biyu milimita 16.5 ce, domin yana kwaikwayon babban dogo mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Amma tsohon dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911 ya kuma kai Nguru a 1930, faɗinsa milimita 1,067 ne. Idan ka raba da 87, za ka samu 12 da ɗan ɗoriya. Saboda haka mai son daidai sai ya nemi dogo mai milimita 12, irin wanda masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu da na Kwinslan a Ostareliya suke amfani da shi, don nasu dogon ma faɗinsa ɗaya da namu. Ni shi na sa. Amma sabon shiga, shawarata kada wannan ya tsayar da kai. Mutanen Japan ma yawancin dogonsu 1,067 ne, sun rage jiragensu sau 150 suka ɗora a kan dogon N mai milimita 9, ba daidai ba ne, kuma suna jin daɗin abinsu.

Sai teburi. Littattafan Amurka sun saba cewa a ɗauki filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a yi da'ira jirgi ya yi ta zagayawa. Ban yarda da wannan ba ga mai ɗaki ɗaya ko biyu. Yana cinye wuri, hannu ba ya kaiwa tsakiya, kuma a hoto da'ira tana tona asiri, domin jirgin gaske ba ya bin wutsiyarsa. Dogon katako siriri ya fi. Ka sa kafinta ya yi masa firam a ƙasa don kada ya lanƙwashe da damina, ka shafe shi da fenti ciki da waje saboda gara da laima. Ka lura, santimita 180 a ma'aunin HO mita 157 ce kacal, tashar gaske ta fi haka nesa ba kusa ba. Dole ka zaɓi abin da zai shiga: ofishin tasha, dogo biyu, ɗan reshe ɗaya na lodi. Sauran ka bar wa mai kallo ya cika da zuciyarsa.

Batun wuta ba zan daɗe a kai ba. Tsohuwar hanya ita ce a tura wuta har zuwa bolt 12 ta cikin ƙarafan dogon, ka ƙara jirgi ya yi sauri, ka juya ta ya koma baya. Sabuwar hanya ana kiranta DCC, kamfanin Lenz na Jamus ne ya assasa ta, kowane kan jirgi yana da 'yar na'urarsa a ciki da ke karɓar umarni, sai ka tuƙa biyu ko uku a dogo ɗaya. Ga tasha ƙarama irin wannan, tsohuwar hanya ta wadatar, kuma batir mai bolt 12 irin na sola zai iya ɗaukarta idan akwai na'urar rage wuta a tsakani. Ka dai liƙa waya da dalma a kowane yankin dogo, kada ka dogara da maɗaurin da ke haɗa su. Kuma ka gwada jirgi sau da yawa kafin ka zuba ƙasa ko ɗaya. Bayan gam ya bushe, gyara sai da ɓarna.

Yanzu mu zo inda na fi jin daɗi, wato ƙasa. Turawa suna sayen garin ƙasa a kwalba, mu kuwa jar ƙasa tana bakin ƙofa. Ɗebo ta, ka shanya ta bushe ƙarau, ka tankaɗe da rariya mai laushi har sau biyu. Sannan, wannan kada ka manta, ka bi ta da maganaɗisu. Jar ƙasarmu tana da ƙarfe a ciki, injin kan jirgi kuma yana da maganaɗisu, zai zuƙe ɓurɓushin ya lalace. Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo ma haka, yashi mai ɗan kauri da aka tankaɗe ya isa. Ka baza ta da busasshen buroshi, ka fesa mata ruwan da aka ɗiga wa sabulun wanke-wanke don ya ratsa, sannan ka bi da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa rabi da rabi, kana ɗigawa da sirinji. Ka bar shi kwana guda cur. In ka ga ya yi fari fat kamar an zubar da nono, kada hankalinka ya tashi, idan ya bushe ba a ganinsa.

Kukar nan da kuke gani, wayar wuta ce ta jan ƙarfe. Na murɗe silla masu yawa suka zama gindi, na ware su a sama suka zama rassa, na shafe da filasta. Kuka mai mita 15 tana komawa santimita 17, kuma yawancin masu farawa suna yin itatuwa gajeru ƙwarai, sai su zama kamar kayan ado. Da rani kuka ba ta da ganye, aiki ya yi sauƙi. Rufin kwano kuwa takardar alminiyam ce da na danna a kan wani abu mai layi-layi. Dalar gyaɗa da ke bayan sito, soso ne na yanka, na jera ƙananan buhuna na yumɓu a fuskar da ke kallon kyamara kawai, kowanne wajen santimita ɗaya.

Duk da haka, ranar da na gama na ɗauki hoton farko, abin ya fito kamar kayan wasa a shago. Dalili kuwa, komai sabo ne fil yana ƙyalli. Mutumin da ya fi kowa koya wa masu wannan sha'awa maganin haka shi ne John Allen, Ba'amurke mazaunin Monterey a Kalifoniya, wanda sana'arsa ɗaukar hoto ce. A 1948 ya ci gasa da wani ƙaramin gidan ajiye kan jirgi da ya tsufar da shi da gangan, har da tattabaru a kan rufi da kashinsu. A lokacin mutane sun saba da jirage masu sheƙi, shi kuwa ya ce a kalli na gaske a yi abin da aka gani. Ya shafe kusan shekara ashirin yana gina babban layinsa mai suna Gorre & Daphetid a ƙarƙashin gidansa, duwatsu daga daɓe har sama, da madubai da ke sa wuri ya yi kamar ba shi da iyaka. Ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta tashi a gidan ta cinye layin. Abin da duniya take gani a yau hotunan da ya ɗauka ne. Duk lokacin da na tuna wannan, sai in ajiye buroshi in ɗauko kyamara.

Tsufar da tarago yana da ƙa'ida. Ƙura daga ƙasa take tasowa, saboda haka ƙafafu da gindin tarago su ne za su yi ja. Rana daga sama take duka, rufi shi ke koɗewa. Tsatsa tana bin hanyar ruwan sama, daga kan ƙusa ta gangaro. Kankare allin zane mai ruwan ƙasa da ɗan gawayi, ka shafa da buroshi mai taushi, kaɗan-kaɗan. Gefen ƙarfen dogo ka yi masa fentin tsatsa, amma samansa ka goge tas, don ta nan wuta take bi.

To, mu koma kan santimita biyun nan. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya tsaya a tsaye ya ɗauki hoto daga sama, kamar shaho. Ba wanda ya saba ganin jirgin ƙasa daga can. Idon mutumin da ke tashar yana santimita 2 daga ƙasa, to nan idon kyamara zai sauka. A wannan wurin wayar hannu ta fi babbar kyamara: juya ta kai ƙasa, idon ya koma kusa da dogo. Ku duba bambancin hotunan nan biyu. Wuri ɗaya, haske ɗaya, tsayi kawai aka sauya.

Abu na biyu ya fi wuya. Idan kyamara ta matso kusa da abu, ɗan siririn yanki ne kawai yake fita sarai, gaba da baya duk su dushe. Ƙwaƙwalwarmu ta saba da cewa irin wannan dushewa ta ƙananan abubuwa ce, shi ya sa ko birnin gaske aka dusar da samansa da ƙasansa a hoto sai ya koma kamar na wasa. Mai babbar kyamara sai ya tsuke ƙofar haske zuwa f/16, ya ɗora ta a kan abin da ba ya motsi, ya sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza ta. In ka tsuke fiye da kima, hoton duka zai yi laushi. Hanyar da ta fi ita ce ka ɗauki hoto 15 ko 20 ba tare da kyamara ta motsa ba, na farko ka saita shi a hancin jirgi, kana matsawa baya kaɗan-kaɗan har bango, sannan manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta tsinto wurin da ya fita sarai a kowanne ta haɗa su hoto ɗaya. Hoton da na buɗe da shi haka aka yi shi.

Haske kuma, rana ɗaya Allah ya yi mana, saboda haka inuwa ɗaya ake so. Kashe ƙwan ɗaki, ka kunna fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe, ka sa farar takarda a ɗaya gefen ta mayar da ɗan haske cikin inuwa. Ka kula kada inuwar kuka ta faɗi a jikin allon baya, don itace ba ya yi wa sama inuwa. Allon bayan nan ban yi masa shuɗi ba. Na yi masa fari mai ratsin toka irin na hunturu, gidajen da ke can ƙarshe kuma na ma'aunin N ne, na koɗar da launinsu, ido sai ya ɗauka nisa ne. Wani amfanin katako siriri, mutum biyu za su iya fitar da shi waje bayan la'asar, rana ta gaske ta haska shi, sama ta gaske ta zama bango.

Ƙurar hunturu dai, a hoto ado ce, a kan dogo kuwa cuta. Ka rufe tashar da yadi mara nauyi, ka goge saman dogo da ƙyalle kafin kowace tafiya.

Saura bidiyo. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa, a ma'aunin HO santimita 19 yake ci a daƙiƙa. Wanda ke shigowa tasha kuwa bai kamata ya wuce santimita 4 ko 5 ba. Bari in rage wuta, in sauke wayar a gefen dogo. Ga shi nan ya ɓullo ta bayan kuka.