Hazon da ba hazo ba ne

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Duk wanda ya taɓa karaya ya san hoton eksire, hasken nan da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. To, sararin samaniya cike yake da irinsa, sai dai iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, ba ya saukowa ƙasa. Mai son ganinsa sai ya hau sama.

A watan Yunin 1962 masanin kimiyya Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka daga White Sands a Amurka, da niyyar auna eksire daga duniyar wata. Mintoci kaɗan na'urarsu ta yi a sama. Na wata ba su samu ba, amma sun ga wani wuri mai tsananin haske a sama, suka kuma ga abin da ya fi ɗaure kai: duk inda na'urar ta juya, akwai wani haske shimfiɗe, gabas da yamma kusan daidai. Wa ya kunna shi?

Ku tuna matafiyi da ya doshi babban gari da dare a lokacin hunturu. Daga nesa jan hazo kawai yake gani a gefen sama. Sai ya matso ya tarar fitilu ne, ɗaya-ɗaya, dubbai. Tambayar da masana suka shafe shekaru suna ja-in-ja a kai ke nan: wannan haske hazo ne na gaske, wato iskar gas mai zafi da ta cika sarari, ko fitilu ne da nisa ya haɗe su?

Fitilun da ake zargi su ne kwaza. A 1963 masanin taurari Maarten Schmidt ya gano cewa wata kwaza mai suna 3C 273, wadda ake ɗauka tauraruwa ce, nisanta ya haura tafiyar haske ta shekara biliyan biyu. Kwaza cibiyar gungun taurari ce, inda wani ƙaton baƙin rami, wato wuri mai ƙarfin ja da ko haske ba ya kuɓuce masa, ke haɗiye gas. Kafin gas ɗin ya faɗa, yana kewaya ramin kamar faifai yana gogayya har ya yi zafi ya haskaka, sannan ƙwayoyin lantarki masu zafin gaske da ke saman faifan su bugi hasken su mayar da shi eksire.

A nan Afirka ma ta sa hannu, ina so ku riƙe wannan. Tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa aikin auna eksiren sararin samaniya daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi, ranar 12 ga Disamba 1970, aka raɗa masa suna Uhuru.

Masu cewa gas ne suna da hujja, domin yanayin hasken ya yi kama da na gas mai zafi. Amma awon tauraron ɗan'adam mai suna COBE a 1990 ya rushe maganar: da akwai gas mai yawa haka, da ya bar tabo a kan hasken farkon halitta, ba a kuwa ga tabon ba. Tauraron ɗan'adam mai suna ROSAT ya fara tsinto fitilun, sannan wani mai suna Chandra, da aka harba a 1999, ya ƙura wa ɗan yanki guda ido na daƙiƙa miliyan bakwai jimilla, wajen kwana 81. Mafi yawan hazon ya warware ya zama ɗigo-ɗigo.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ragowar. Hasken ya fi ƙarfi a wajen 30 keV (keV ma'aunin ƙarfin eksire ne), inda madubin Chandra ba ya gani. Kwazan da muke gani sarai ba su isa su ba da wannan ƙarfi ba. Dole akwai waɗanda ƙura da gas suka lulluɓe, eksire mai ƙarfi kaɗai ke iya fitowa daga cikinsu. Wani tauraron ɗan'adam mai suna NuSTAR, da aka harba a 2012, ya tsinto kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ke tsakanin 8 da 24 keV. Sauran baƙaƙen ramukan muna ganin haskensu a dunƙule, ba mu ƙirga su ba tukuna.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, lokaci ya ɗan rage mana kafin magariba.