Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Kuza na Zariya zuwa Jos

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sauraro a Saminaka. Ya ce yana jin dattawa na zancen wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke bi ta yankinsu a da, yana so ya san inda ya nufa da abin da ya kashe shi.

To malam, dattawan nan gaskiya suka faɗa maka. Layin da Turawa suka kira Bauchi Light Railway ke nan, sai dai bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Ya ci sunan ne don a wancan zamani tsaunukan Jos a ƙarƙashin lardin Bauchi suke. An fara shimfiɗa shi daga Zariya a 1911, ya kai Rahama a 1912, ya dire Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Yana bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre. Kuza ce ta sa aka yi shi, don kafin zuwansa 'yan dako da jakuna ke sauko da ita daga kan dutse.

Inda gizo ke saƙar shi ne faɗin dogon. Tsakanin ƙarafunansa biyu ƙafa 2 da inci 6 ne, wato milimita 762, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Tsukakken layi ya fi arha: ƙarfensa ba nauyi, gadojinsa ƙanana, kuma yana iya shan kwana ya kewaye dutse maimakon a fasa shi. Amma araha ba ta ado. Ƙafar nan ɗaya ta hana taragonsa hawa babban layi, saboda haka duk buhun kuza da ya iso Zariya sai leburori sun sauke shi sun sake loda shi a wani taragon. Kayan da za su hau Jos ma haka, kuma injin haƙa mai nauyi sai an kwance shi gunduwa-gunduwa. Ga kan jirgin ƙarami, tukunyar tururinsa ba ta da girma, ga hawa daga Jengre, dole a rage taragai ko ya riƙa jan ciki.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta tambaya ko lalacewa ya yi aka rufe shi. A'a, hajiya, kishiya aka yi masa. A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, ya haɗa ta kai tsaye da Fatakwal da kwal ɗin Inugu, ba saukale ba lodi. A lokacin ne aka faɗaɗa guntun Jos zuwa Bukuru ya koma babban layi. Sauran ya ci gaba da ɗaukar fasinja da amfanin gona har shekara 30, manyan motoci na ƙwace masa kasuwa, sannan aka rufe shi a 1957.

Mai son ganin kawunan jirgin da idonsa, an ajiye wasu a Jos, kusa da gidan tarihi. Sai wasiƙa ta gaba.