Baƙin haƙori ba duka ne ruɓa ba: laccar da aka yi wa iyaye mata a Damagaram

Assalamu alaikum iyayena mata, na Birni da na Zango, sannunku da zuwa, a matso gaba don Allah.

To kullum uwa ta kawo min yaro hankali tashe wai tsutsa ta ci mai haƙori ya yi baƙi, in na duba sai in tarar lafiya lau, ita kuwa wadda ɗanta ke da ciwon gaske tana gida zaune don nashi fari ne. Ruɓa fa da fari take farawa! Ki ɗaga leɓen sama na yaro da rana, ki goge miyau da tsumma mai tsabta, ki duba gindin haƙoran gaba dab da dasashi. In kin ga farin layi kamar an goga alli, ba ya sheƙi, to ita ce. Babu wata tsutsa, ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya kwana a baki su saki tsami mai zagwanyar da haƙori, shi ya sa yaron da ke barci da bibero na madara mai sukari ko shayi na sama suke fara lalacewa, na ƙasa harshe da miyau sun kare su. In an bari sai ya koma ruwan ƙasa, ya yi taushi, ya yi rami, abinci na maƙalewa, yaro ya sha ruwan sanyi ya sa kuka.

Tabo kuwa wurin da ƙwari yake, sumul, ba zafi. Siro na ƙarin jini yana baƙanta haƙori, kar ki daina ba shi saboda haka, ki dai bi shi da ruwa ki goge. Kamar fure ne da goro a bakin kakanninmu, ja wur amma haƙori garau.

Akwai na ruwan sha. In fuliyo, wani sinadari da ake samu a cikin ruwa, ya yi yawa a rijiya, ya wuce miligiram 1.5 a lita da hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade, haƙori tun fitowarsa yake zuwa da ɗigo-ɗigo fari ko ja, dama da hagu iri ɗaya, kuma za ki ga yaran unguwa da yawa haka. Manyanmu sun tuna abin da ya samu yaran Tibiri ta Maradi, can har ƙashi ya taɓa. Sai kafson tetirasikilin na 'yan talla, mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba ba su shan shi, rininsa cikin haƙori yake shiga, asuwaki ba ya fidda shi.

Hajiya can baya ta ce ai haƙorin nono ne, zai yi famfara. Hajiya, guda 20 ne, famfara sai wajen shekara 6 take farawa, matauna kuwa har 10 zuwa 12 suna nan, in ɗaya ya yi ƙurji haƙorin girma da ke ƙarƙashinsa ma yana iya samun lahani. Man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya isa kafin shekara 3, safe da dare, ke za ki goge mai ba shi ba.

Wa ke da tambaya? Ke mai goyo, miƙo mata makirfo.