Roba ce fa, amma ƙamshin katako take yi

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji a bayana, injin ne ke aiki kuma wallahi ba zan kashe shi ba, sau biyu kenan yana watsa min ƙasa a ido kan abu ɗaya, wannan ne na uku. Bari in matso da kyamara. Kun ga ɗan kofin nan? Duk wanda na miƙa wa a ɗakin gwajinmu cewa yake katako ne aka sassaƙa, har da masu shinshinawa. To ba wani masassaƙi, firintar 3D ce, wato injin nan da ke narka zaren roba ya ƙera abu da shi, ta zubo shi daren jiya, awa 7 tana ɗora layi kan layi.

Ranar da na fara cin karo da abin nan saura kaɗan in ba da kunya. Na shigo da safe sanyi na kaɗa ni, sai naji ɗakin ya ɗauki ƙamshi irin na wurin kafinta lokacin da zarto ya ɗau zafi a jikin katako, nace shikenan wani abu ya kama da wuta, har na nufi wajen tukunyar kashe gobara. Wani Bajamushe abokin aikina yana ta dariya, ya nuna min naɗin zaren da ke kan injin. Zaren roba ne kamar kullum, kaurinsa milimita 1.75, robar kuma PLA ce wadda ake yi da sitacin masara ko rake, sai dai an cuɗa ta da garin katako. Ashe ma a nan Jamus aka fara fitar da irinsa, wani mai suna Kai Parthy, a 2012, ya kira shi Laywood, kusan kashi 40 cikin ɗari na cikinsa katako ne. Yanzu kuwa ba irin wanda babu, na gora, na ɓawon kwakwa, na filaks wato tsiron da ake lilin da shi, har da na hem, ɗan uwan tabar wiwi, amma ku kwantar da hankalinku, na masana'anta ne, ba ya bugarwa.

Abin da ya fi burge ni, ku dubi ratsin nan a jikin kofin, nan fari-fari, nan ya yi duhu. Ba fenti ba ne. Zafin bakin injin nake ɗagawa in sauke yana cikin aiki, in zafi ya hau garin katakon ya ɗan babbake sai launin ya yi duhu, sai ya fito kamar zoben da ke cikin kututture. Ni na zauna na tsara wannan da hannuna, ogana ya ɗauka ya juya shi ya juya, bai ce komai ba ya ajiye a kan teburinsa, kuma in kun san mutanen nan wannan yabo ne babba. Yana kuma karɓar samfefa ya yi sumul, abin da robar zalla ba ta cika yarda da shi ba.

To daɗin ya ƙare a nan. Kaina ya fara girma, nace ai tunda akwai zaren tsiro a ciki dole ya fi ƙarfi, bari in buga maƙalin da zan rataye jakata a jikin tebur. Na farko bakin injin ya toshe a tsakiya. Ramin bakin da aka saba milimita 0.4 ne, ɓarɓashin katako ya taru ya cushe shi, ni kuma na bar shi da zafi na tafi waya, na dawo na tarar abin ciki ya zama gawayi. Yini guda ina sakace shi da allura. Don Allah duk mai son gwada zaren nan ya sa baki mai 0.6, kuma in aiki ya tsaya ka ciro zaren nan take, kar ka bar shi yana dahuwa a ciki.

Na biyu ya fito tsaf gwanin sha'awa, na rataya jaka, ƙas! Ga shi nan, ku dubi wurin karayar, kun ga ƙananan ramukan nan kamar soso? Wanda na buga da PLA zalla wata uku kenan yana ɗauke da jakar nan ko gezau. Raina ya ɓaci sosai, don kusan rabin kilo na zare ya tafi kwandon shara a kwana biyu. Sai da na zauna na bi abin a hankali na gane laifina ne. Abin da ke cikin yawancin zaren nan gari ne, an niƙe shi lilis don ya iya wucewa ta ɗan ramin, kuma ƙarfin zaren tsiro a tsawonsa yake, in ka niƙe shi ka kashe shi. Sannan tsiro da roba ba sa ga maciji, shi mayen ruwa ne ita kuma ba ta so, shi yasa ba sa kama juna da kyau sai an fara wanke zaren da ruwan soda mai ƙuna, a cire maiƙo da dattin bayansa ya yi kaushi yadda robar za ta samu wurin riƙewa.

Ga kuma laima, babbar abokiyar gaba. Ka bar naɗin a waje kwana biyu, musamman a ƙasar nan da rana sai ta ga dama take leƙowa, wallahi ina kewar rana, sai ya sha danshi ya ƙoshi. Yana shiga wuta ruwan ya zama tururi, za ka ji tas tas tas a bakin injin, ramukan da na nuna muku kenan. Yanzu sai na gasa shi a digiri 45 zuwa 50 na awa 4 ko fiye kafin in ɗora. Kuma zaren tsiro da ya haura wajen digiri 200 yake fara lalacewa, shi yasa aka fi haɗa shi da PLA mai narkewa a daidai nan, robobi masu son wuta sosai za su toye shi ne kawai.

Amma fa kar ku raina tsiro. Zaren filaks nauyinsa bai fi rabi da ɗan wani abu na zaren gilashi ba, kuma ba ya cinye bakin injin na tagulla yadda zaren kabon ke yi. A Japan a 2016 wasu masu bincike suka tura dogon zaren jut, wanda ake buhu da shi, ta cikin bakin injin tare da robar ba tare da an yanka shi ba, can ne ake fara maganar ƙarfi na gaske. Rama ma, eh ramar da kuka sani, tana cikin zaren da kamfanonin mota ke cusawa a bangon ƙofa ta ciki, ranar da naji haka sai da na gyara zama. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, motar Trabant ta tsohuwar Jamus ta Gabas da aka fara yi a 1957, jikinta ragowar auduga ne da aka matse da ƙaro, na ga ɗaya a titi kwanaki tana tafe tana hayaƙi, na ƙwanƙwasa wata da aka ajiye, ba ƙarar ƙarfe ko kaɗan. A Amurka kuma jami'ar Maine ta buga gida sukutum a 2022 da zaren katako da robar tsiro, sai dai nasu injin ƙwayoyin roba yake ci, ba ɗan siririn zare irin nawa ba.

Wani gargaɗin, kar wani ya ruɗe ku da cewa tunda daga tsiro yake ka jefar a lambu ya ruɓe. PLA sai ta samu zafi wajen digiri 60 da danshi a wurin yin taki na masana'anta, in ba haka ba tana nan tana kallonka. Kuma kar ka bar ta cikin mota a rana, laushi take yi.

Wannan siririn da na jiƙa a kwano tun ɗazu, kun ga ya fara lanƙwashewa da kansa? Katakon ciki ne ya sha ruwa ya kumbura, masu bincike a Faransa ma da gangan suke amfani da hakan su yi abin da ke buɗewa ya rufe da kansa in laima ta canza. Tsaya... kun ji tas ɗin nan? Kai, ba dai kuma ba. Bari in duba injin nan.